Daɓen da Na Gyara wa Malama

Ni na lalata wa Malama gwiwa. Ba mota ce ta buge ta ba, ba santsi ne ya kwashe ta ba. Ni ne, da gudumata, da aikin kwana huɗu wanda ba wanda ya sa ni.

Na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin rubutun da na sa a shafin nan wancan makon. Wata ta ce a samo mata irina. Wani ya ce ashe kafintoci ma sun iya soyayya. Ku ajiye yabon tukuna, ku karanta wannan.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Kafinta ne ni, shekarata arba'in da tara, matata ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Ban yi karatu mai nisa ba, amma in na haɗa maka ƙofa, jikanka ma zai rufe ta. Malama kuwa rawa ce sana'arta. Tun tana 'yar shekara tara take kan dandamali. Ta yi shekara goma sha shida tana yawo da ƙungiya, gari zuwa gari, da akwati ɗaya, har ta kai ita ke tsara musu rawar: kai tsaya nan, ke juya can, ku biyu ku haɗu a tsakiya. Da gwiwarta ta hagu ta fara yi mata gardama aka yi mata aiki, sai ta kama wani tsohon sito ta mai da shi makaranta. Yanzu tana da arba'in da uku, ɗalibanta sun haura sittin.

Sandar da suke dafawa a jikin madubi ce ta haɗa mu. Na yi mata, ta ce ta yi kauri. Na rage, ta ce in sauke ta yatsa biyu. Na ce, "Baiwar Allah, ni fa ba tela ba ne."

Ta ce, "Na gani. Tela yana ji in an yi magana."

Tun ranar take kirana Guduma. Wata takwas ke nan ina zuwa duba sandar da ba abin da ya same ta.

Matsalata Yaya ce. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau in na shiga gidanta sai ta leƙa wuyan rigata ta ga ko da dauɗa. Ranar da na kai mata maganar ina son auren Malama, tana gugar kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mai rawa?"

"Malamar rawa, Yaya."

"Wato mai rawar da ta tsufa."

"Yaya."

"Duk matan duniya ka rasa, sai wadda ke ɗaga ƙafa ta wuce kanta? Ga ƙanwar maƙwabciyata nan, ma'aikaciyar jinya ce, ko ciwo ka yi ka huta."

Wata biyu ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta leƙa makarantar. Ta zo cikin doguwar riga ruwan ƙasa, ta rungume jakarta a ƙirji kamar za a ƙwace. Malama ta tarbe ta tun daga bakin ƙofa, ta karɓi takalmanta ta ajiye da hannunta. Yaya mace ce mai jiki. Tana taka daɓen katakon nan ya ɗan nutse ya dawo da ita, ta kai hannu ta cafke sandar nan da na yi musu. Ta sha shayi, ta kira Malama da "wannan" sau uku, muka fito. Sai a hanya ta juyo.

"Kai kafinta ne?"

"Kin sani ai."

"Shekara talatin kana buga ƙusa, matar da kake cewa za ka aura tana yini a kan daɓen da ke lilo kamar tsohuwar katifa. Ko ita ba ta ɗauke ka kafinta ba, ko kai ba ka ɗauke ta mata ba. Zaɓi ɗaya."

Maganar ta shige ni, don gaskiya daɓen ya daɗe yana ci min rai. A wurina abin da aka buga wa ƙusa bai kamata ya motsa ba. Tebur ya tsaya, kujera ta tsaya, daɓe ya fi kowa tsayawa. Duk shigar da na yi wurin sai na ji ƙasa tana numfashi a ƙarƙashina, in danne zuciyata.

Bayan mako guda aka gayyaci Malama wani gari ta horar da malamai, tafiyar kwana huɗu. Kwana goma sha biyu bayan dawowarta kuma akwai babban wasan makarantar, wanda ta shekara tana tsarawa. A tsakiyarsa akwai wurin da za ta fito ita kaɗai, da tsalle uku a jere, daga nan ta yi bankwana da dandamali ta koma koyarwa zalla. Har rigar ta ɗinka, rawaya, mai faɗin ƙasa, tana rataye a bayan ƙofar ofis cikin leda. Ta hana kowa taɓawa, har ni.

Da safen tafiyarta saƙo ya shigo wayata.

"Guduma, mukulli yana wurin mai shagon gefe. Allo ɗaya ne ke ƙara, na uku daga madubi. Shi kaɗai. Kar ka taɓa min sauran."

Na rubuta, "To."

Ta mayar, "Wannan 'to' ɗin naka ban yarda da shi ba." Da fuska mai dariya a ƙarshe.

Na je, na ɗaga allo na uku daga madubi, na haska fitilar waya. Abin da na gani ya sa na zauna a ƙasa. Guntayen tsohuwar taya ne, an yanka kamar tafin hannu, an jera su layi-layi a kan siminti, katakon gaba ɗaya yana zaune a kansu. Babu inda itace ya taɓa ƙasa. Raina ya ɓaci. Na ce wani ɗan damfara ya samu mace ita kaɗai ya yi mata aikin bola, ita kuma don kunya ta kasa gaya min.

Wayar tana hannuna. Kira ɗaya ya isa. Na san za ku tambaya, don haka bari in amsa tun yanzu: ban kira ba saboda ina son in ga fuskarta in ta shigo. Shi ke nan dalilin, babu wani.

Na kwashe allunan duka, na sa musu lamba da alli. Na cire guntun taya ɗari biyu da goma sha biyu, na zuba a buhu, mai kwasar shara ya tafi da su. Na je shago na ɗauko katakon da na daɗe ina ɓoyo, wanda na hana manyan mutane, na shimfiɗa shi kai tsaye a kan simintin, na mai da alluna, na bi su da ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗora ma'auni, ƙwayar ruwan ta tsaya cak a tsakiya. Na buga ƙafa, ko gezau. Ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Ana cikin haka tana rubuto min.

"Ka gyara?"

"Na gyara."

"Me ya sa kake amsa min da kalma biyu?"

"Hannuna da ƙura."

Ranar dawowarta na sa sabuwar riga mai ruwan sararin sama, na je na ɗauko Yaya da kaina. La'asar ce, manyan ɗalibai kusan ashirin suna bakin bango suna ɗaure gashi. Malama ta shigo kai tsaye daga tasha, cikin rigar tafiya mai ruwan toka, jaka a kafaɗa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Taku ɗaya, taku biyu, ta tsaya. Ta ɗan danna diddige. Ta dubi ƙasa, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa ina tsaye, baki har kunne.

Yaya ta buga ƙafarta a kan allon ta ce, "Yauwa, yanzu na ji daɓe. Kin ga aikin ƙanena?"

Malama ta ce, "Na gani, Yaya. Ya sha aiki."

Sai ta juya wajen ɗalibai. "Yau ba wanda zai hau. Ku zauna inda kuke, bitar hannu kawai za mu yi."

Babbar ɗalibarta, wadda suke kira Doguwa, ta buɗe baki za ta yi magana. Malama ta yi mata kallo ɗaya, ta rufe. Ni a haukata na ɗauka ba ta so a ɓata min sabon aiki da ƙafa.

Yaya ranar tana cikin nishaɗi. Ta gyara zama a kujera, ta sauke jakar nan daga ƙirji ta ajiye a ƙasa, ta ce, "To tunda an gyara wuri, a yi mana mu gani mana. Ina son in ga rawar da ta ɗauke wa yaron nan hankali. Yi mana, ƙanwata."

Ƙanwata. Na ga yadda kalmar ta sauka a fuskar Malama. Ta dube ni, kallo mai tsawo, kamar tana jiran in fahimci wani abu. Abin da na ce shi ne, "Yi mata wadda za ki yi ranar wasa. Mai tsallen nan."

Ta ajiye jaka, ta ƙara ɗaure ɗankwali, ta ce wa Doguwa ta kunna kiɗa.

Ni ban san rawa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in Malama ta fara, sai ka ga kamar ɗakin ne ya ƙara faɗi. Hannu ya tafi, jiki ya bi shi a hankali, kamar ba ta so amma dole. Sai tsalle na farko. Na sha ganinta tana dira, ba ka jin komai, kamar kyanwa. Ranar na ji "dim". Na biyu na ga ta cije leɓe. Na uku na ji ƙara irin ta busasshen reshe in an taka shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa, hannu biyu a kan gwiwa, ta ce, "Doguwa, kashe kiɗan."

A asibiti likita ya ce jijiyar da aka ɗinke mata a da ce ta sake tsinkewa, kuma ba ita kaɗai ta tafi ba. Za a sake aiki, za ta yi tafiya, amma tsalle ya ƙare. Ya tambaye ni, "A kan me ta dira, siminti?"

Na ce, "Katako ne. Mai kyau."

Doguwa ce ta ja ni gefe a baranda, idonta ja. "Baba, ina tayoyin?"

"Na zubar. Shara ce ai."

"Malama ce ta yanka su da hannunta. Su ke karɓar nauyinmu in mun dira. In daɓe bai ba da kai ba, gwiwa ce ke bayarwa."

Na daɗe a tsaye a barandar nan. Shekara talatin ina sana'a, yarinyar da ba ta taɓa riƙe zarto ba ta koya min aikin daɓe da magana uku.

Kwana uku Malama ba ta amsa min ba. Na rubuta, "Ya jiki." Washegari na sake, "Ya jiki." Rana ta uku na rubuta, "Ni ne Guduma," kamar akwai wani da ya isa ya yi irin wannan ɓarna. Duk ta karanta, shiru. Yaya kuwa kullum tana asibiti da flas ɗin shayi da kwanon abinci, ita ke gyara mata filo. Da na je gidanta neman labari ta tare ni a ƙofa.

"Ni na ce ka gyara," in ji ta. "Amma ban ce kar ka tambaya ba. Tun kana yaro haka kake, a aike ka sayen allura ka dawo da almakashi."

Sai ta juya baya ta share ido da gefen mayafi, ta ce ƙura ce.

Rana ta huɗu da hantsi saƙo ya shigo. Kalma biyu.

"Ina tayoyina?"

Na same ta a kishingiɗe, ƙafar a miƙe cikin abin ɗauri tun daga cinya har idon sawu. Na nufi kujerar da ke can bakin taga.

"Ba can ba. Nan, inda hannuna zai kai."

Na matso.

"Me na rubuta maka?"

"Allo ɗaya."

"Nawa ka taɓa?"

"Duka."

"Wata uku na yi ina yanka su, Guduma. Da wuƙar da na ara wurin mai gyaran takalmi. Kowanne sai da na taka na ji kafin in bar shi a wurin."

Sai na faɗi abin da ya fi cina. "Kin ji shi tun takun farko. Me ya hana ki faɗa?"

"Ka ga fuskarka ranar kuwa? Kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji. Ga sabuwar riga, ga yayarka a zaune. Tun ranar da ta fara ganina nake jira ta kira ni da wani abu ban da 'wannan'. Sai in buɗe baki in ce ƙanenki ya kashe min wuri?"

"Da kin ƙi tsallen."

"Da na ƙi. Na ce a raina uku ne kacal, shekara talatin da huɗu ina yi. Wannan girman kan nawa ne, kar ka haɗa da naka. Naka ya ishe ka kaya."

Na sunkuyar da kai na ce, "In kin fasa, ban ga laifinki ba."

Ta kai hannu ta ja min kunne, ja na gaske. "In na fasa wa zai mai da min daɓe? Saura kwana takwas wasa, yarana ba za su yi bita a kan dutsen da ka shimfiɗa ba. Maganar aure kuma ka ajiye ta a gefe. Ina so in ga tukuna ko kana ji."

Daga asibiti wurin mai facin taya na wuce, na kwaso tsofaffin tayoyi goma sha ɗaya. Kwana biyu ina yanka, har tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Ƙusoshin da na buga da alfahari na bi su ina zarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ku sani ƙusar da na buga ba ta fita da daɗi. Aka sallamo Malama kafin ranar aikin gwiwar, muka kafa mata kujera a bakin ƙofa, ƙafar a kan benci. Tunda ita ba ta iya takawa, sai ni.

"Hau. Yi tsalle."

Na yi.

"Sake. Kana dira kamar buhun siminti. Lanƙwasa gwiwa, mutumin Allah."

Ta rufe ido tana saurara. "Na dama ya yi nisa. Matso da shi yatsa biyu."

Na buɗe baki, na tuna, na rufe. Na ɗaga allo na matsar da shi yatsa biyu. Haka muka bi ɗakin nan kusurwa zuwa kusurwa, ƙato mai furfura yana tsalle, ɗalibai suna toshe baki da ɗankwali, mai shagon gefe ya bar shagonsa ya zo kallo. Wajen layi na shida na fara ji a gwiwata da kaina: inda taya ta zauna daidai, ƙasa tana karɓarka ta mai do ka a hankali. Abin da na ɗauka lalacewa ne, shi ne aikin.

A ofis kuwa Yaya ce zaune da allura. Doguwa ce za ta maye gurbin Malama a wasan, kuma rigar rawayar ta yi mata gajarta. Malama da kanta ta ce a cire ta daga leda. Yaya ta warware ƙasan ta ƙara faɗin hannu guda, tana ɗinki tana mita cewa 'yan matan yanzu sun cika tsawo ba dalili. Malama ba ta juya ta kalli ofishin ba ko sau ɗaya.

Na yi mata sandar dogarawa da ragowar katakon nan nawa. Ta juya ta a hannu ta ce ta yi kauri. Na koma na rage. Ta ce in yanke yatsa biyu. Na yanke. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Ashe ana samun sauyi."

Ranar wasa zauren ya cika, mutum ya kai ɗari biyar. Aka kawo mata kujera a gefen dandamali, bayan labule, ta ce a tsaye za ta kalla. Hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a damtsena. Tun daga farko yatsunta ke ƙirga kiɗan a jikina. Da Doguwa ta fito cikin rigar rawaya na ji hannun ya ƙara nauyi. Tsalle na farko, na biyu. A na uku na duba ƙasa, na ga lafiyayyar ƙafar Malama ta ɗaga ta tsaya a kan yatsu da kanta, ɗayar kuwa tana nan inda take. Farcenta ya shiga namana. Har yanzu shaidar tana nan, guda huɗu.

Da aka gama mutane suka miƙe suna kiran a fito da ita. Ta saki hannuna ta fita ita kaɗai da sanda. Taku goma sha ɗaya, na ƙirga. Ta sunkuyar da kai, ta kama hannun Doguwa ta ɗaga sama, ta dawo. Tana isowa bayan labule ta jingina da ni, tana haki kamar wadda ta yi rawar da kanta.

"Guduma."

"Na'am."

"Ka gaya wa Yaya na amince. Amma in na ce allo ɗaya?"

"Ɗaya."

Na san yanzu za ku cika min waya da barka da furanni. Na gode. Yaya ma tun jiya take zagaye dangi tana cewa ita ta zaɓo min. Ni dai na samu mata, na samu yardar yayata, har na ƙaru da ilmin daɓe, ban rasa komai ba sai fatar tafin hannu. Ita kuwa shekara talatin da huɗu tana rawa, ta shekara guda cur tana tsara yadda za ta yi sallama da ita, cikin rigar rawaya, a gaban mutum ɗari biyar. Tsallenta na ƙarshe a duniya cikin rigar tafiya ta yi shi, da ƙurar tasha a ƙafarta, don kar in ji kunya a gaban yayata, a kan daɓen da na gyara mata.